Gargaɗi: Obalodi Na Cin Hanyar Gidan Kwano, A Kafa Sikeli Yanzu

Jama'ar Gidan Kwano, ku saurara. Mutanen Gidan Mangoro da Garatu da Kataeregi, har da ku nake. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya masu tsallaka titi safe da yamma, iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin hanya, masu keke da 'yan acaɓa, direbobin bas masu jigila daga Bosso da Kpakungu, wannan magana ta shafi ranku. Tireloli da tankokin da ke ratsa ƙofar gidajenku dare da rana, da yawansu na ɗauke da nauyin da doka ta hana. Wa ya auna su? A ina aka auna su? Wa ya tsayar da ko guda ɗaya ya ce a sauke abin da ya hau?

Ku fita ku dubi kwalta da idonku. Duk inda tsohuwar shimfiɗa ta rage tsakanin Minna da Bida, alamun suna nan. Wurin da tayoyi ke bi ya lotsa, ya yi kwari biyu masu tara ruwa. Fuskar titi ta yi tsage-tsage. Gefe ya ɓurma. Ku dubi motocin kansu. Ga wadda bodinta ya karkace gefe guda. Ga wadda sifirin ɗinta ya kwanta, bodi ya kusa taɓa taya. Ga wadda ke nishi a ɗan hawan da bai kai ya kawo ba, hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Ga wadda ta mutu a tsakiyar hanya, an zuba mata ganye gaba da baya, an tokare tayoyinta da duwatsu. Duk wanda ya san mota ya san abin da hakan ke nufi. Kaya sun fi ƙarfinta.

Akwai doka a kan wannan, kuma tsohuwa ce. Tun 1982 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Kwatano kan yarjejeniyar sufurin hanya, suka ce aksul ɗaya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu, kada ya danne titi da nauyin da ya wuce tan 11.5. A 2005 ƙasashen ƙungiyar UEMOA, ciki har da maƙwabciyarmu Nijar, suka fitar da ƙa'idarsu mai lamba 14. A 2012 ECOWAS ta sake fitar da doka don a daidaita awon a duk yankin. A 2018 gwamnatin tarayyar Najeriya, lokacin Babatunde Fashola na ministan ayyuka, ta fitar da nata ƙa'idojin kan girma da nauyin manyan motocin dakon kaya. Doka ta taru a kan doka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sikeli a bakin titi da mutum mai gaskiya a gefensa.

Ga abin da ƙa'idar yankin ta tsara. Aksul na gaba, mai sitiyari, tan 6. Aksul biyu da ke jere kusa da juna, iyakarsu tan 20 su biyun. Aksul uku a jere, tan 25 su ukun. Ku haɗa. Tirela mai aksul shida, da kanta da bodinta da manta da kayanta duka, kada ta wuce tan 51. Idan aksul ɗinta biyar ne, iyakar ta yi ƙasa da haka.

To, yanzu mu yi lissafin da kowane ɗan dako zai iya yi. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 600 tan 30 ke nan. Buhu 900 tan 45. Ita motar, ko ba kaya, ba ta kasa tan 15. Wanda ya yi lodin buhu 900 ya kai tan 60, ya haye iyaka da tan 9 ko fiye. Tanka fa? Litar fetur ɗaya ta kusa kashi uku cikin huɗu na kilo. Lita 33,000 wajen tan 24 ne. Lita 45,000 wajen tan 33. Lita 60,000 wajen tan 44, kafin a ƙara nauyin tankar da kan motar. Idan gas ne, wato dizal, ya fi haka nauyi, lita 60,000 ta kai tan 50. Wace hanya aka gina a jihar Neja don ta ɗauki wannan kullum?

Wani zai ce, ai tan 9 a kan tan 51 ba wani abu ba ne. Nan ne kuskuren yake, kuma kuskure ne mai tsada. Ɓarnar da nauyi ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da ƙarin nauyin. Tana ninkawa ne. Injiniyoyi a Amurka sun gwada wannan tsakanin 1958 da 1960 a jihar Illinois. Sun gina hanyoyi na musamman, suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban har shekara biyu, suna auna lalacewar. Abin da suka gano shi ake koyarwa har yau a kowane sashen injiniyan gine-gine, har da wanda ke cikin jami'ar Gidan Kwano. Idan ka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnarsa ta ninka kusan sau 16. Idan ka ƙara masa rabin nauyinsa, ɓarna ta ninka sau biyar. Idan ka ƙara kashi 20 cikin 100 kacal, ɓarna ta ninka sau biyu.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan na ƙarshen. Kashi 20 cikin 100. Abin da mai kaya zai kira ɗan ƙari. Abin da ɗan kamasho zai ce a taimaka a ɗora. Idan kowace tirela ta yi wannan ɗan ƙarin, hanyar da aka tsara ta yi shekara 20 za ta mutu cikin shekara 10. Idan ƙarin ya kai rabi, shekara huɗu ta ishe ta. Da wannan lissafin, aksul ɗaya mai tan 10 na yi wa titi ɓarnar da sai aksul mai tan ɗaya ya wuce sau 10,000 kafin ya yi. Ke nan duk kekuna da basa-basan da ke kai ɗalibai makaranta a yini, ba su kai tirela ɗaya mai obalodi cin titi ba. Amma su ne ke faɗawa ramin. Su ne ke mutuwa a cikinsa.

Kwalta ba ta fashewa rana ɗaya. Kamar waya ce da ake lanƙwasawa ana miƙewa: ba za ka ga komai ba sai lokacin da ta tsinke a hannunka. Kowane aksul mai nauyi na lanƙwasa shimfiɗar ya sake ta. Tsagewar kan fara daga ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Kafin ta bayyana a sama, aikin gama ya gama. Sai damina ta zo. Ruwa ya shiga tsagar, ya jiƙa marmara da tsakuwar da ke ƙarƙashi. Tirela ta taka, ƙasa ta zame, rami ya buɗe. Shi ya sa sabuwar hanya mai sheƙi kan yi kamar lafiyarta ƙalau alhali ta riga ta kamu. Shi ya sa kuma jira ke da haɗari. Ranar da kuka ga ramin farko, kun makara da shekaru.

Ko ba a zo ga rami ba, obalodi na kashewa da kansa. Birki an yi shi ne don ya tsayar da wani nauyi da aka ƙayyade. Ka ƙara kaya, ka ƙara nisan da mota za ta yi kafin ta tsaya. A gangara birki kan ɗau zafi ya daina kamawa. Direba ya taka, ya sake takawa, mota na tafiya abinta. Taya ma haka. Kowace taya an rubuta a jikinta nauyin da za ta iya ɗauka. Ka wuce shi, a zafin watan Maris da Afrilu na Minna, sai ta fashe. Idan ta gaba ce, sitiyari ya fita daga hannun direba. Sannan ga tsawon kaya. Duk ƙarin da aka yi wa bodi sama, duk ƙarin da aka yi wa tanka a wurin mai walda, yana ɗaga nauyin sama ne, mota ta fi saurin kifewa a kwana ko a bakin rami. Mai kuma ruwa ne, yana kaɗawa a ciki, yana tura motar gefe.

Yanzu ku ɗauki wannan motar ku ajiye ta a ƙofar jami'a da ƙarfe takwas na safe. Ɗalibai na sauka daga bas. Keke na juyawa. Yarinya na tsallakawa da farantin talla a ka. Ina direban zai kauce? Wa zai taka, wa zai bari?

Kada wanda ya ce ana tsorata mutane ne. Jihar Neja ta riga ta binne 'ya'yanta a kan wannan. Ranar 8 ga Satumba, 2024, a yankin Agaie, tankar mai ta yi karo da motar da ta ɗauko shanu da mutane. Aƙalla mutum 48 suka ƙone. Ranar 18 ga Janairu, 2025, a mahaɗar Dikko da ke ƙaramar hukumar Gurara, tanka mai ɗauke da lita 60,000 ta faɗi, jama'a suka taru, wuta ta tashi. Fiye da mutum 80 suka rasu. A watan Oktoba na shekarar, a Essa da ke ƙaramar hukumar Katcha, kan hanyar Bida zuwa Agaie, wata tankar ta sake faɗuwa, mutane fiye da 30 suka sake tafiya. Allah Ya jiƙansu. Kowane haɗari da nasa dalilin, amma abu biyu ba sa rabuwa da irin wannan labari a jiharmu: lalatacciyar hanya da mota mai nauyi. Kuma na biyun shi ke haifar da na farkon.

Bayan abin da ya faru a Dikko ne hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA ta hana a yi wa tanka lodin lita 60,000 daga 1 ga Maris, 2025. An gode. Amma sai da aka yi jana'izar mutum fiye da 80 kafin a yanke hukuncin da kowane injiniya ya sani tun shekaru. Shin haka za mu jira a Gidan Kwano? Gawa nawa ake buƙata kafin a kawo sikeli?

Hanyar Minna zuwa Bida ta jiha ce, tsawonta ya ɗara kilomita 80 kaɗan. Ba don dakon kayan Legas zuwa Arewa aka gina ta ba. Lalacewar hanyoyin tarayya ce ta koro mata manyan motoci. Gadar Tatabu da ke hanyar Mokwa zuwa Jebba ta karye a daminar 2017. Hanyar Bida zuwa Lapai zuwa Lambata ta daɗe a lalace. Hanyar Mokwa zuwa Tegina zuwa Birnin Gwari ga ramuka ga 'yan bindiga. Direba na neman inda zai bi ya kai kaya, sai ya biyo ta Kataeregi, ya ratsa Gidan Kwano, ya faɗa Kpakungu. A farkon 2020 gwamnatin Abubakar Sani Bello ta ba kamfanin Dantata & Sawoe aikin sake gina hanyar. A watan Satumba na shekarar ta rufe ta ga manyan motoci. Direbobin tanka suka tayar da ƙayar baya, batun mai zuwa Arewa ya taso, ba a daɗe ba aka buɗe. A Satumban 2021 kuma direbobi suka toshe hanyar Bida zuwa Lambata na kwanaki saboda lalacewarta.

Me wannan ya koya mana? Rufe hanya gaba ɗaya ba ya ɗorewa, domin Abuja da Kaduna da Kano na jiran mai da siminti da taki. Buɗe ta ga kowa da kowane nauyi kuma kashe ta ne. Abin da ya rage shi ne awo. Mota ta hau sikeli. Wadda ke cikin iyaka ta wuce da girmanta. Wadda ta haye a sauke rarar, a ci tarar mai ita. Kuɗin da ake zubawa a wannan hanya na talakan Neja ne, wani ɓangarensa ma bashi ne da 'ya'yanmu za su biya. Ba daidai ba ne a ci gaba da biyan bashin hanya bayan hanyar ta mutu.

Malam direba, na san kai ne a ƙarshen layi. Ba kai ke da mota ba, ba kai ke da kaya ba. Idan ka ƙi, akwai mai jiran makullin. Amma kai ne a gaban motar. Idan birki ya tsinke, Alhaji mai mota na gida, mai kaya na kanti, kai da yaron motarka ne a ciki. Ka tambayi nauyin kayan kafin ka tayar. Ka karanta takardar lodi. Kada ka yarda a ƙara maka kayan hanya bayan an gama lodi. Kada ka ɗora mutane a kan buhuna ko a kan shanu. Ku kai maganar ga ƙungiyoyinku, NARTO da reshen direbobin tanka na NUPENG da NURTW. Da haɗin kai kuka tsayar da hanya a 2021. Da shi za ku iya cewa babu ɗan ƙungiyar da zai ja motar da ta haye iyaka, kuma babu wanda za a kora saboda ya ƙi.

Alhaji mai mota, ka zauna da alƙalami. Ribar buhu 300 na ƙari nawa ce? Tayoyi nawa ka canja bana? Sifirin nawa, giya nawa, kwana nawa mota ta yi a gareji? Idan ta kife da kayan mutane, wa zai biya? Idan ta hau kan ɗaliban da iyayensu suka sayar da amfanin gona suka turo karatu, me za ka faɗa wa Ubangiji? Tauye mudu haramun ne, kowa ya sani. Cin hanyar jama'a don a cika aljihu shi ma cin haƙƙi ne, kuma masu haƙƙin ba su ƙirguwa balle a nemi gafararsu.

Masu masana'antu da defo-defo, laifin daga ƙofarku yake farawa. Kun san nauyin kowace motar da ta fita, domin da sikeli kuke sayarwa. Ƙa'idar UEMOA ta wajabta wa duk wurin da ke fitar da kaya fiye da tan 200,000 a shekara ya auna mota kafin ta fita. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, a tare ɓarna tun daga tushe. Direbobinmu da ke zuwa Tema a Gana sun saba hawa sikeli a hanya, ba su mutu ba, kasuwa ba ta tsaya ba. Masu walda kuma, ku daina ƙara wa tanka ciki da ƙara wa bodi tsawo. Abin da kuka haɗa yau zai iya kifewa a unguwarku gobe.

Mai girma Gwamna Mohammed Umaru Bago, hanyar nan taka ce, ba sai ka jira Abuja ba. A kafa sikeli a mashigar Bida, a kafa wani kafin Gidan Kwano. A tanadi fili a gefensa da za a sauke rarar kaya, domin tara kaɗai ba ta rage wa aksul ko kilo ɗaya. Wanda ya biya ya wuce da kayansa, ya sayi izinin fasa titi ne kawai. A sa na'urar da ke rubuta nauyi da lambar mota da kanta, ta tura wa ofis ta intanet, yadda mai shinge ba zai iya karɓar na goro ya share ba. A yi aiki dare da rana, domin masu obalodi da dare suka fi tafiya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an VIO da 'yan sanda su tsaya tare. Kafin a gina na dindindin, akwai sikelin tafi-da-gidanka da ake shimfiɗawa a gefen titi. Kuɗinsa bai kai na kilomita ɗaya na kwalta ba.

Ita ma gwamnatin tarayya da nata kason. Minna garin jirgin ƙasa ne tun lokacin da aka shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911. Tashar ruwa ta Baro an ƙaddamar da ita a Janairun 2019. Akwai defon mai a Minna da Suleja waɗanda bututu ya kamata ya riƙa ciyarwa. Siminti da mai da taki kayan jirgi ne da bututu. Muddin waɗannan na kwance, nauyin duka a kan kwalta zai sauka. Sai dai gyaran dogo aikin shekaru ne, sikeli kuwa aikin makonni. Kada a fake da na nesa a bar na kusa.

Hukumar jami'a, kuna da malamai da ɗaliban da suka san wannan lissafi fiye da kowa. Titin na ƙofarku. Ku ƙirga manyan motocin da ke wucewa. Ku auna lotsawar kwalta. Ku fitar da sakamakon da Hausa da Nufanci da Gwaranci, jama'a su ji. Ƙungiyar ɗalibai, kada ku jira sai an take ɗayanku sannan ku fito ku ƙona taya. Ku rubuta yanzu. Ku je majalisar jiha yanzu. Masu unguwanni da dagatai da limamai da fastoci, ku ɗauki maganar ku kai gaba, ku kuma faɗe ta a mumbari.

Kafin hukuma ta motsa, ku kare kanku. Kada ka tsallaka gaban tirela da tunanin za ta tsaya. Mai yiwuwa ba za ta iya ba. Mai keke, kada ka bi gefen motar da ta karkace, kada ka maƙale a bayanta a hawa. Uwa, ki ja tiren kayanki baya daga bakin kwalta, ki hana yara wasa a gefen titi. Direban bas, ka sauka daga kan titi gaba ɗaya kafin ka sauke fasinja, kuma ka rage gudu da dare, domin matacciyar tirela ba ta da fitila. Idan tanka ta faɗi, ku gudu. Ku bar jarka, ku bar bokiti. Kada a tayar da janareta, kada a kunna babur, kada a kusanto da wuta. Ku kira lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ko 112 ta gaggawa, ku kori yara nesa, ku tsayar da motoci tun daga nesa.

Damina ba ta jiran kasafin kuɗi, tirela ba ta jiran kwamiti. A daren yau ma za su wuce, aksul bayan aksul, a kan duk kwaltar da aka shimfiɗa. Muna neman abu uku daga gwamnatin jiha, a faɗa a rediyo kowa ya ji: wurin da za a kafa sikeli, ranar da zai fara aiki, da jami'in da za mu tambaya idan ranar ta wuce bai fara ba.